Gidan da Ke Kwana a Bayan Gari

A gefen garin College Park, cikin jihar Maryland, akwai wani zango mai suna Cherry Hill Park. Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da makarantun Amurka ke dogon hutu, kusan abu ɗaya ake gani a wurin kowace safiya. Ƙofofin manyan motoci su buɗe, iyaye su fito da gorunan ruwa da hulunan rana, yara na biye da su, wani na ƙunƙunin an tashe shi da wuri. Su kulle ƙofa, su taka zuwa bakin zangon, su jira bas. Bas ɗin ya kai su tashar jirgin ƙasa, jirgin ya nutse da su ƙarƙashin ƙasa, ya fito da su a tsakiyar Washinton, inda za su yini suna yawo tsakanin ginin majalisa da gidajen tarihi.

Abin da suka kulle suka bari a baya gida ne sukutum. Amurkawa na kiran irin wannan mota RV a taƙaice. Mu kira ta motar-gida. A cikinta akwai gadaje, da murhun gas, da firiji, da banɗaki, da tankin ruwan sha da na ƙazanta. Manyan cikinsu kan kai tsawon ƙafa 45, tsayinsu ya haura ƙafa 12, kuma da ƙyar lita ɗaya ta mai ke kai su kilomita huɗu. Iyali sun tuƙo wannan gida daga Texas ko Ohio, wasu kwana uku a hanya, don su nuna wa 'ya'yansu babban birnin ƙasarsu. Sai ga shi ragowar tafiyar, wadda ba ta kai kilomita 25 ba, ta gagari gidan.

Amsar da ta fi kusa ita ce girma: titunan birni ba su da wurin ajiye abu mai tsawon ɗaki uku. Haka ne, amma zancen bai ƙare a nan ba. Shekara ɗari da suka wuce, iyalin da suka zo Washinton da mota da tanti a cikin birnin suke kwana, a filin gwamnati, suna hango doguwar hasumiyar tunawa da George Washington daga inda suke dafa abinci. Yadda zangon ya tashi daga cikin gari ya koma bayan gari labari ne na hanyoyi da kuɗi da launin fata, da kuma wata tambaya da biranen Amurka ba su gama warwarewa ba: tsakanin mutum biyu da ke kwana a mota, wanne ne baƙo, wanne ne ɗan gararamba?

Masu hannu da shuni ne suka fara. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya baje kolin wata mota a birnin Niyok wadda kujerarta ta baya ke miƙewa ta zama gado, da ɗan wurin wanke hannu, da wayar da maigida zai yi wa direbansa magana. A 1915 wani attajiri, Roland Conklin, ya sa aka ƙera masa mota mai tsawon ƙafa 25 da nauyin tan takwas, ya kwashi iyalinsa daga jihar Niyok ya nufi San Francisco, jaridu na bin labarinsa. A waɗannan shekarun ne kuma Henry Ford da Thomas Edison da Harvey Firestone suka riƙa fita yawon kwana a daji, da ayarin motoci da masu dafa abinci da masu ɗaukar hoto. A 1921 har shugaban ƙasa Warren Harding ya je ya kwana tare da su a Maryland. Ɗaya na sayar da mota, ɗaya na sayar da taya, don haka ba sai an faɗa wa mai karatu cewa yawon bai rasa nasaba da talla ba.

Tallan kuwa ya karɓu, domin farashin motar Ford samfurin T, wanda ya fara da dala 850 a 1908, ya sauko har dala 260 a 1925. Manomi da malamin makaranta da mai ƙaramin kanti suka mallaki mota, suka ɗaure tanti da tukwane a jikinta, suka kama hanya. Masanin tarihi Warren Belasco, a littafinsa Americans on the Road na 1979, ya nuna cewa ba tsadar otal kaɗai ta sa suke kwana a tanti ba. Otal na wancan zamani don fasinjan jirgin ƙasa aka gina shi, kusa da tasha, kuma galibin masu sauka cikinsa maza ne 'yan kasuwa. Matar da ta yini cikin ƙura, ga yara sun yi futu-futu, dole ta ratsa zauren otal a gaban idon jama'a, ta sake tufafi kafin a bar ta ta ci abinci, mijinta kuma ya yi ta miƙa tukuici. A bakin hanya babu mai kallon kowa. A 1919 masu irin wannan yawo suka kafa ƙungiya a birnin Tampa na jihar Florida, suka raɗa mata suna Tin Can Tourists, wato 'yan yawon gwangwani.

Manoma ne suka fara kokawa. Baƙi na karya musu shinge, suna tsinke 'ya'yan itace, suna barin shara da wutar da ba a kashe ba. 'Yan kasuwar garuruwa kuma suka yi nasu lissafin: iyalin da suka kwana a gari za su sayi mai, da burodi, da taya. Sai hukumomin garuruwa suka shiga buɗe zango kyauta a filayen shaƙatawa na cikin gari, da famfo da itacen girki da makewayi. Kafin tsakiyar shekarun 1920 irin waɗannan zangon sun kai dubbai. Mafi shahara shi ne Overland Park na birnin Denver, mai wurin tanti kusan 800, da babban gini mai kanti da wurin aski da ɗakin wanki. Gari da gari suka riƙa gasa, kowa na son a ce nasa zangon ya fi.

Washinton ma ba a bar ta a baya ba. A 1921 aka buɗe zangon matafiya a East Potomac Park, wani tsibiri da injiniyoyin soja suka yi da laka da yashin da suka yaso daga kogin Potomac, kusa da inda aka dasa itatuwan ceri da birnin Tokyo ya aiko kyauta a 1912. Daga nan mutum na iya takawa da ƙafa zuwa ginin tunawa da Abraham Lincoln, wanda aka buɗe a 1922. Bahaushe ya san zango tun zamanin fatake, ya kuma san cewa a bayan ganuwa aka saba ajiye shi. Abin lura a nan shi ne, na ɗan wani lokaci, biranen Amurka sun shigo da shi cikin gari da hannunsu.

Karamcin bai daɗe ba. Tsohuwar mota ta yi arha, har talaka ya iya saye. Masu bin gonaki suna tsinkar 'ya'yan itace, da masu neman aiki daga gari zuwa gari, su ma suka gano famfon kyauta da itacen kyauta, kuma su ba kwana biyu suke yi su wuce ba. 'Yan kasuwar da suka nemi a buɗe zangon suka fara ƙorafin cewa waɗannan ba sa sayen komai, suna kuma korar masu saye. Sai aka sa kuɗin shiga, santi 25 zuwa 50 a dare, aka sa rajista, aka ƙayyade kwanaki. Belasco ya nuna cewa kuɗin ba don biyan ruwa da itace kaɗai aka sa shi ba. Rariya ce ta tace baƙi. Da zarar kuma kwana ya zama na kuɗi, sai 'yan kasuwa suka shigo da nasu zangon a bakin hanya, inda fili ke da arha. Suka gina ƙananan ɗakunan katako, ɗakunan suka rikiɗe suka zama masaukin masu mota da ake kira motel. Masu Cherry Hill Park ma suna danganta asalinsa da 1921, lokacin da yake gonar kaji da kanti a bakin hanya, ana barin matafiya su kafa tanti a bayan kantin.

Sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo ta tsananta komai. A daidai lokacin ne wani mutumin Detroit, Arthur Sherman, wanda ruwan sama ya taɓa jiƙawa yana fama da kafa tanti, ya sa kafinta ya yi masa akwatin katako mai taya da ake ja da mota. Ya nuna shi a bajekolin motoci na Detroit a 1930, kamfaninsa na Covered Wagon ya zama kan gaba a sana'ar. Ɗakin ja ya yaɗu har wani mai hasashen tattalin arziki, Roger Babson, ya ce cikin shekara ashirin rabin Amurkawa a irinsa za su zauna. Hasashen bai tabbata ba, amma ya tsorata hukumomin birane. Ga gida wanda ba ya biyan harajin gida, 'ya'yansa kuwa suna shiga makarantar gari. Birnin Detroit, inda aka haifi sana'ar, ya kafa dokar da ta hana ɗakin ja zama a cikinsa fiye da kwana 90 a shekara, kotun ƙolin jihar Michigan ta tabbatar da dokar a 1939.

A Washinton an ga bambancin baƙo da baƙo ƙiri-ƙiri a 1932. Dubban tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yawa tare da matansu da 'ya'yansu, suka zo neman a biya su kuɗin sallamar da aka yi musu alkawari. Suka kafa bukkoki a fadamar kogin Anacostia, kilomita kaɗan daga zangon 'yan yawon buɗe ido. Ranar 28 ga Yuli sojoji ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur suka fatattake su da hayaƙi mai sa hawaye, bukkokin suka ƙone. Cikin hafsoshin da ke tare da MacArthur a ranar akwai wani manjo mai suna Dwight Eisenhower. A riƙe sunan, zai dawo.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan labarin fararen fata ne. Ga iyalin baƙar fata, mota ta zo da 'yanci na gaske, domin ta raba su da wulaƙancin taragon jirgin da aka ware musu. Amma hanya na da nata sharrin. Akwai gidajen mai da za su sayar maka da mai su hana ka makewayi, akwai garuruwan da baƙar fata bai isa rana ta faɗi yana cikinsu ba. Iyalai suka saba tafiya da soyayyar kaza a kwali, da galan ɗin mai, da bokiti, uba ya tuƙa dare farai don kada a tsaya. A 1936 wani ma'aikacin gidan waya mazaunin unguwar Harlem, Victor Hugo Green, ya fara buga ɗan littafin jagora mai jera otal da gidajen abinci da gidajen mai da ke karɓar baƙar fata, wanda aka fi sani da Green Book. An ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Ko a gandun dajin Shenandoah na gwamnatin tarayya, da ke yammacin Washinton, zango daban aka ware musu a Lewis Mountain daga 1939. Idan akwai mutanen da gida mai taya ya fi dacewa da su, su ne waɗannan da ake hana wa gado da banɗaki a hanya. Sai dai gidan na bukatar inda zai tsaya da dare, wurin tsayawar kuwa a rufe yake gare su. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa har yau galibin masu motar-gida fararen fata ne. Al'adar da kaka bai yi ba, jika kan yi jinkirin ɗauka.

Hanyoyin da ke shiga Washinton daga arewa sun taɓa jawo wa Amurka abin kunya a idon Afirka. A watan Oktoba na 1957 wani gidan abinci a garin Dover na jihar Delaware ya hana ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, zama ya sha ruwan lemo; Eisenhower, wanda ya zama shugaban ƙasa a lokacin, ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don wanke laifin. A watan Yuni na 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyarsa daga Niyok zuwa Washinton don miƙa takardunsa ga shugaba Kennedy, ya tsaya shan kofi a kan hanya mai lamba 40 a Maryland, aka ƙi sayar masa saboda launin fatarsa. Gwamnatin Kennedy ta yi ta lallashin masu gidajen abincin wannan hanya. Dokar da ta haramta irin wannan wariya a duk faɗin ƙasar sai a 1964 ta zo.

Mu koma ga Eisenhower. A 1919, yana matashin hafsa, ya bi ayarin motocin soja da suka tashi daga kudancin fadar White House suka nufi San Francisco. Kwana 62 suka yi, suna kafewa a laka, gadojin katako na karyewa a ƙarƙashinsu. Bayan shekaru ya ga manyan hanyoyin Jamus a lokacin yaƙi. Ranar 29 ga Yuni 1956 ya sa hannu a dokar gina hanyoyi masu haɗa jihohi, kimanin kilomita 66,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin. Kowane layi faɗinsa ƙafa 12, babu danja, babu mahaɗa, hawa da gangara duk an sassauta su. Waɗannan hanyoyi su ne suka ba motar-gida damar girma. A 1966 kamfanin Winnebago, daga wani ƙaramin gari a jihar Iowa, ya fara sayar da motar-gida a kusan rabin farashin takwarorinta, har sunansa ya zama sunan abin baki ɗaya, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo.

Gidan da ya girma kuwa bukatarsa ta girma. Yana son wutar lantarki, da bututun ruwa, da ramin zubar da ƙazanta, da fili mai faɗi da zai juya. A 1962 wani ɗan kasuwa a garin Billings na jihar Montana, Dave Drum, ya lura da motocin da ke wucewa zuwa bajekolin duniya na Seattle, ya buɗe zango a filinsa na bakin kogin Yellowstone, dala 1.75 a dare, da ruwan wanka mai zafi. Daga nan kamfanin KOA ya samo asali, ya bazu ko'ina a bakin sababbin hanyoyin. Lissafin a fili yake: filin da zai ɗauki motar-gida ɗaya a tsakiyar birni, idan aka ɗora masa bene, zai ɗauki ɗakunan otal masu yawa. A farkon shekarun 1960 aka rufe zangon East Potomac Park. Waɗanda ba su da motar-gida kuma sun riga sun samu mafita: Kemmons Wilson, wanda ya kai matarsa da 'ya'yansa biyar Washinton daga Memphis a 1951, ya fusata da yadda masaukai ke ƙara masa dala biyu kan kowane yaro, shi ne ya buɗe Holiday Inn na farko a 1952, yara na kwana kyauta a ɗakin iyayensu.

A nan ne labarin Washinton ya bambanta da na sauran birane, kuma shi ne sashen da ya fi ba ni sha'awa. Injiniyoyin hanya ba su tsaya a bakin birane ba. Sun ratsa ta cikinsu, kuma sau da yawa ta unguwannin baƙar fata suka bi, inda fili ke da arha, masu shi kuma ba su da murya. Haka aka yi wa Overtown a Miami, da Rondo a St. Paul, da titin Claiborne a New Orleans. An tsara wa Washinton irin wannan: babbar hanya mai lamba 95, wadda ta taso daga iyakar Kanada ta nufi Florida, za ta huda arewa maso gabashin birnin, a kuma gina sabuwar gada a kan Potomac kusa da Georgetown. Mazauna birnin, baƙi da farare, suka haɗa kai suka ƙi. Suka yi zanga-zanga, suka mamaye wurin aikin gadar, suka je kotu. Wani ɗan majalisa daga Kentucky, William Natcher, wanda ke riƙe da lalitar birnin, ya yi shekaru yana hana sakin kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa sai an yarda da hanyoyin. A ƙarshe mazauna suka yi nasara. Ambaliyar 1972 ta tafi da ɗan abin da aka fara na gadar, aka soke hanyoyin, aka karkatar da kuɗinsu zuwa jirgin Metro, wanda ya fara aiki ranar 27 ga Maris 1976.

Saboda haka hanya mai lamba 95 ba ta ratsa Washinton. Idan ta iso daga arewa sai ta ci karo da hanyar zobe mai tsawon kilomita 103 da aka kammala a 1964, ta bi ta gabas ta kewaye birnin. Mahaɗar da aka tsayar da ita tana College Park, Cherry Hill Park kuma yana daf da wannan mahaɗa. Wato iyalin da ke kulle gidansu su hau bas, suna tsayawa ne a daidai inda mutanen birnin suka ce wa hanyar ta tsaya, kuma jirgin da suke shiga da kuɗin hanyar aka gina wani sashensa. A ganina sun ci riba ba tare da sun sani ba. Da an bar injiniyoyi sun yi yadda suka so, da motar ta ƙara matsawa kusa, amma da an rushe wani ɓangare na birnin da suka zo gani.

(Tsakanin nan an yi shekarar 1973, lokacin da farashin gangar mai ya tashi daga kusan dala uku zuwa kusan dala goma sha biyu cikin 'yan watanni. Cinikin motar-gida ya rushe, aka kafe su a ƙofar gidaje. Kuɗin da ya fita daga aljihun masu su na cikin wanda ya shigo Legas, har aka yi garaɓasar Udoji.)

Yinin da iyalin ke yi a birnin kusan iri ɗaya ne ga kowa. Fili ne miƙaƙƙe mai tsawon kimanin kilomita uku daga ginin majalisa zuwa ginin Lincoln, gidajen tarihi na Smithsonian sun jeru dama da hagu, kuma shiga kyauta ne. Asalin cibiyar wasiyyar wani masanin kimiyya ɗan Ingila ce, James Smithson, wanda bai taɓa taka Amurka ba amma ya bar mata dukiyarsa, aka kafa cibiyar a 1846. Ga uban da ya zuba ɗaruruwan daloli a tankin mai, wannan kyauta ba ƙaramin abu ba ce. Yara kan ja iyaye zuwa gidan tarihin jiragen sama, wanda aka buɗe a 1976, su ga jirgin 'yan'uwan Wright na 1903 da kumbon da ya dawo da 'yan sama-jannatin Apollo 11. A gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka, da aka buɗe a 2016, akwai taragon jirgin ƙasa na zamanin wariya, da kujerun farare a gefe ɗaya, na baƙaƙe a ɗaya gefen. A kudancin White House kuma akwai wani ɗan dutse, alamar inda ayarin 1919 ya tashi. Yawancin mutane jingina suke yi da shi su ɗauki hoton fadar.

Abin da ba za su iya yi a wannan fili ba shi ne barci. A watan Mayu na 1968, makonni bayan kashe Martin Luther King, kimanin mutum 3,000 suka kafa bukkokin katako kusa da ginin Lincoln don nuna wa gwamnati talaucin ƙasar. Sun samu izini, ruwan sama ya mai da wurin taɓo, izinin ya ƙare, 'yan sanda suka kwashe su ranar 24 ga Yuni. A farkon shekarun 1980 wata ƙungiya mai fafutukar marasa gida ta nemi kafa tantuna a filin da kuma dandalin Lafayette da ke gaban fadar. Hukuma ta ce su kafa tantin, amma kada kowa ya yi barci a ciki. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1984 alƙalai bakwai suka goyi bayan hukuma, biyu suka saɓa, cikinsu har da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a kotun. Tanti ya halatta a matsayin magana, ya haramta a matsayin makwanci.

Sana'ar ta kai ƙololuwar girmanta a 2021. Mafi yawan motocin a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma a 2021, da annobar korona ta sa mutane gudun jirgin sama da otal, masana'antun sun fitar da fiye da 600,000 a shekara ɗaya. A 2021 ƙungiyar masu sana'ar ta ƙiyasta cewa gidaje fiye da miliyan 11 ne ke da irin wannan mota. Amma motar-gida ba ta mutuwa da wuri. Wadda ɗan fansho ya saya sabuwa, bayan shekara ashirin ta bi hannu uku ko huɗu, rufinta na yoyo, ta faɗa hannun wanda kuɗin haya ya kora daga ɗakinsa. A Los Angeles da Seattle da garuruwan da ke kewaye da San Francisco akwai titunan da irin waɗannan suka jeru, masu su na tashi da safe su tafi aiki. Littafin Jessica Bruder mai suna Nomadland, na 2017, kan irin waɗannan mutane ne. Birane kuma sun koma neman rariya. A 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar Los Angeles da ta hana zama a mota, saboda yadda aka rubuta ta tana iya kama duk wanda ya ci abinci a motarsa ko ya ajiye bargo a ciki, sai ɗan sanda ya zaɓi wanda ya ga dama. A watan Yuni na 2024 kuwa Kotun Ƙoli, a shari'ar garin Grants Pass, ta ba birane damar hukunta masu kwana a filin jama'a ko da babu gado a matsugunan gari.

Iyalin da suka dawo zango da yamma, ƙafafu sun yi tsami, ba su da wannan fargaba. Sun biya, an ba su lamba, an jona musu wuta. Abin da ke gabansu shi ne taswirar gobe. Idan arewa suka nufa, ramukan hanya biyu da ke bi ta ƙarƙashin tashar jiragen ruwan Baltimore ba sa karɓar mota mai babbar tukunyar gas. Da can ta gadar Francis Scott Key ake bi, amma wani jirgin dakon kaya ya buge ta ta rushe ranar 26 ga Maris 2024, don haka sai su kewaye birnin ta yamma. Kuma kafin su tashi za su nemi wuri a zango na gaba. A zangon gwamnati na Greenbelt, da ke nan kusa, kwana 14 ne iyakar zama. A zangon 'yan kasuwa da dama kuwa, musamman masu tsada, akwai wata ƙa'ida da ba a cika rubutawa a allon bakin ƙofa ba: idan motar ta haura shekara goma da ƙerawa, sai mai ita ya aika da hotonta tukuna, a duba, kafin a ce masa akwai wuri ko babu.